Taken Abarshi a Cikin Akwati

Boubacar ne ya kawo mana fitinar, ranar wata Lahadi, ɗaure a bayan mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur ɗin nan. Mijin ƙanwata Binta ne, yana aikin buro, wato ofis, a Malbaza wajen masu siminti, kuma tun ranar da aka ba shi tebur da kujera ya daina iya fara magana sai ya ce "bon". Ban taɓa ƙinsa ba, Allah ya sani. Mutum ne kawai da in ya je Yamai ya ga sabon abu, sai ya ɗauka mu nan Ƙwanni zaman jiransa muke yi ya zo ya waye mana kai.

Ya same ni a tukubata, bakin tasha, ina juya balangu. Baba yana bayana a kan tabarma, inda yake wuni tun da yanar ido ta rufe masa gani. Boubacar ya gaishe shi a tsaitsaye, ya kwance rakoda, ya ce yau zai jiyar da mu kiɗan zamani. Wasu samari ne daga Yamai, sunansu na Faransanci ne, ya ce ma'anarsa wai Walƙiyar Sahel. Ya sa kaset ya danna.

Ni dai abin da na ji bai wuce a ba yaro cokali da gwangwani ba. Mawaƙin kuma da hanci yake waƙa, rabi Hausa rabi Faransanci, yana ta roƙon wata "sheri" ta dawo, kuma da jin muryarsa ka san yarinyar ta yi hankali da ta gudu. Na ce wa Boubacar ya rage kar ya kore mini ciniki. Kafin ya kai hannu sai kalangu ya shigo cikin kiɗan.

Wuƙa ta tsaya a hannuna. Da na juya na tarar Baba ya riga ya gyara zama, ya karkata kai, hannunsa na hagu ya dunƙule a kan gwiwa. Ya ce a mai da baya. Boubacar ya mai da. Ya ce a sake.

"Wanga takena na," in ji Baba. "Kuma hannun Bawa na."

Ƴan yanzu ba su san ko wane ne ubana Abarshi ba, tsoho kawai suke gani a bayan tukuba yana korar ƙuda. Amma a zamaninsa, in kaka ta yi aka buɗe fagen dambe, daga Illela zuwa Tajaye har a tsallaka Sakkwato, ba garin da ba a san bahagon hannunsa ba. Bawa shi ne makaɗinsa, shi ya yi masa taken, tare suka yi yawon duniya. Kuma take ba kiɗan rawa ba ne. Na mutum ɗaya ne, kamar sunansa. In aka buga naka, sai ka miƙe ka ɗaga hannu, makaɗi ya gan ka ya sassauta, ka yi kirari gaɓa-gaɓa, duk inda ka ja numfashi kalangu ya amsa maka. Magana ce tsakanin mutum biyu, jama'a shaida kawai suke. Tun da Bawa ya rasu ba wanda ya ƙara yi wa Baba wannan magana yadda take.

Baba ya tambayi Boubacar wa ke buga musu kalangun. Nan ne fa mutumin kirki zai ce ban sani ba. Amma ina, ma'aikacin buro ba ya cewa bai sani ba. Ya ce "bon", ya ce ai suna da gwanin makaɗi, kuma ma Asabar mai zuwa za su yi wasa a gidan matasa na nan Ƙwanni, kowa zai gan shi da idonsa. Shi ya riga ya kama wa kansa kujerar gaba.

Shi ke nan Baba ya gama lissafinsa. Bawa ya mutu, wannan ba gardama. To, wanda ke bugu haka ba shakka a gidan Bawa ya ci tuwo, cikin yaran da ya koya wa ne. Zai shigo garin mai take, zai buga taken a bainar jama'a, kuma mai shi yana da rai. Dole a je a amsa masa. Na ce Baba wurin nan ba fage ba ne, wurin ƴan lakwal ne, yaran makarantar boko, da matan ma'aikata. Na ce a bari in je in nemo makaɗin in kawo shi gida. Ya ce ba a amsa take a zaure. Da na matsa sai ya faɗi abin da ya saba faɗa mini tun ina saurayi, tun da na ƙi ɗaura hannun dambe na zaɓi wuƙa da tukuba: wai ni tsoron taro ne da ni. In ya kai nan ba sauran magana. Abu ɗaya nake tsoro, kar a yi wa ubana dariya a garin da aka taɓa yi masa guɗa.

Ranar Asabar bayan la'asar na bar wa Labo abokin sana'ata tukuba, na riƙo hannun Baba muka tafi. Ya sa babbar rigarsa, ya sa an yi masa aski. A hanya har tafiyarsa ta canza, yana jana maimakon in ja shi.

Gidan matasa ya cika. An jera kujeru a gaba, sufurefe mai mulkin garin da madam ɗinsa a tsakiya, sai manyan soja, sai ƴan duwan, wato kwastan, da malaman lakwal, kowa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana fifita da takarda. Boubacar yana cikinsu da kwat, a cikin wannan zafi na bazara, gumi yana bin wuyansa. Da ya hango mu sai ya ɗago yatsu biyu ya mai da kai gaba. Na samo wa Baba benci a gefe, kusa da dandamali, na zaunar da shi.

Sannan na duba kan dandamalin da kyau. Manyan lasifika biyu. Fiyano na lantarki guda biyu a kan ƙafafun ƙarfe. Wata jita. Wani baƙin akwati mai maɓallai a kan tebur. Wayoyi ko'ina a ƙasa kamar hanjin da aka zubar a mahauta. Na duba dama, na duba hagu, na leƙa ƙarƙashin tebur. Babu kalangu. Babu ko ɗan kuntuku. Ba abu ɗaya a wurin nan da aka rufe da fata.

Na ce wa Baba ina zuwa, na zagaya baya inda suke shiri.

Su huɗu ne da yarinya ɗaya. Duk sun sa wasu riguna masu ƙyalli, kafaɗu sun yi tudu, gashi ya sha mai har yana ɗiga a kan wuya. Babbansu yana gaban madubin mota yana gyara baƙin tabarau. Na yi masa sallama, ya amsa mini da Faransanci. Na sake yi masa da Hausa mai kauri, sai ga shi ya iya, har da karin harshen mutanen Madawa. Sunansa Issaka, amma ya ce in ce masa Izi. Na ce to Issaka, ina makaɗin kalangunku?

Ya yi dariya ya nuna mini wani siriri mai ɗan kunne, ya ce ga shi nan. Siririn ya ce shi ba ya taɓa fata, akwati yake dannawa. Suka yi mini bayani suna karɓe baki, da irin muryar da ake yi wa ƙauye bayanin jirgin sama. Wai a wani tsohon faifai suka tsinci kiɗan, cikin waɗanda wani ma'aikaci ya taɓa bi ƙauyuka yana ɗauka. Suka yanko ɗan guntun da ya yi musu daɗi suka zuba a akwati. Yanzu in an danna, sai ya yi ta maimaitawa, ba ya gajiya, ba ya kuskure, ba ya neman goro. Wannan na ƙarshe ya ba su dariya ƙwarai.

Na tambaye su ko sun san taken wane ne. Issaka ya ɗaga kafaɗa ya ce ai kayan gargajiya ne, na kowa ne. Na ce ba na kowa ba ne, mai shi yana zaune a kan benci can waje, kuma in ya ji zai miƙe. Na roƙe su abu ɗaya, ni da ban iya roƙo ba: in tsohon ya ɗaga hannu, su sassauta masa, su bar shi ya yi kirarinsa, ko gaɓa uku ce.

"A'a, gran furer," in ji Issaka, wai babban yaya yake ce mini. "An riga an tsara komai. In aka taɓa wuri ɗaya, duk waƙar ta watse. Amma shi tashi shi yi rawa mana, za mu ji daɗi."

Na dube shi tun daga man kansa har takalminsa mai tsini. Da a mahauta muke da na san abin da zan ce masa. Na juya na fito.

Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa gaskiya tsaf. Na ce babu makaɗi, babu yaron Bawa, babu kalangu, akwati ne. Na ce mu tashi mu tafi tun ba a fara ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce kaset akwati ne, ya sani, ba yaro ba ne shi. Amma nan wasa ne na ido da ido, kuma tun da aka halicci duniya ba a taɓa tara mutane a buga take ba mutum a bayansa. Ya ce ƙila ɓoye shi suka yi don ba shi da rigar ƙyalli. Ya ce in zauna in daina ba shi kunya.

Na zauna. Mi zan yi? Ɗaukarsa zan yi a kafaɗa?

Aka tada injin wuta a bayan katanga. Fitilu ja da kore suka kama juyawa, rana ba ta ko faɗi ba, ba wanda suke haskawa. Wani abu ya fesa hayaƙi a kan dandamali, jama'a suka yi shewa. Ni da nake wuni cikin hayaƙi don in ci abinci, ranar na fara ganin hayaƙin da ba ya gasa komai kuma ana yi masa tafi. Issaka ya fito daga cikinsa da tsalle ya daka wa Ƙwanni "bonsuwar", Ƙwanni kuma ta amsa masa, har da waɗanda na san ba su taɓa taka ƙofar lakwal ba.

Suka fara. Siririn ya danna akwati ya koma ya harɗe hannu yana gyaɗa kai, shi ke nan aikinsa na ranar ya ƙare. Masu fiyano suna taɓawa da yatsa ɗai-ɗai, suna lumshe ido kamar masu ɗaukar dutse. Yarinyar tana kaɗa kafaɗa tana maimaita ƙarshen duk abin da Issaka ya ce. Ƙarar kuwa ba a magana, har cikin haƙori nake jin ta. Waƙa ta ƙare wata ta shigo, ni ban ga bambanci ba sai dai sunan yarinyar da ake roƙo ya canza. Ƴan lakwal suka cika filin gaba suna karkarwa suna kakkarya wuya. Madam ɗin sufurefe tana tafi da ƴan yatsu. Boubacar yana bin waƙar da baki, yana waige don a ga ya iya.

Baba yana nan zaune a bencinsa. Ya dafa sandarsa da hannu biyu yana jira. Na fara addu'a a zuci Allah ya sa injin ya mutu, ko su manta da waƙar. Injin bai mutu ba, su ma ba su manta ba. Sai da rana ta yi ja Issaka ya ce yanzu ga wadda kowa ke jira, jama'a suka ɗauki ihu. Gwangwani ya fara, hanci ya biyo, sannan kalangun Bawa ya faso ta cikin manyan lasifikan nan, da ƙarfin da Bawa bai taɓa samu ba yana raye.

Na ji bencin ya motsa. Tsuma ta kama Baba tun daga ƙafa. Ya saki sandar ta faɗi, ya miƙe ba tare da ya dafa ni ba, ya taka zuwa gaban dandamali. Masu rawa suka dare masa. Ya tsaya ya buɗe ƙafafu yadda ake tsayawa a fage, ya ɗaga hannun hagu sama a dunƙule. Wallahi a wannan lokacin, duk da abin da na sani, sai da tsigar jikina ta tashi. Ubana ne, kuma na ga mutumin da ake ba ni labari.

Ya jira a sassauta. Ba a sassauta ba. Taken ya kai ƙarshe ya koma farko.

Ya ɗauka makaɗin bai gan shi ba. Ya ƙara matsawa, ya ƙara miƙa hannun, ya buɗe murya.

"Ni na Abarshi ɗan Takama! Bahago mai raba gardama!"

Ya tsaya nan, daidai inda kalangu ke amsawa. Kalangu bai amsa ba, ya bi ta kansa ya wuce, ya koma farko. In ba ni da nake kusa ba, ba na jin akwai wanda ya ji abin da ya ce. Ya ja numfashi ya sake daga farko. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya sake tsayawa, ya karkata kunne. Taken ya sake wucewa, bugu ɗaya, tsawo ɗaya, ba ƙari ba ragi.

Sai jama'a suka gano shi. Wani ya yi fito, wasu suka fara tafi. Ƴan lakwal suka kewaye shi, kowa ya dunƙule hannun hagu ya ɗaga sama, suna tsalle suna kwaikwayon tsayuwarsa. Ba da mugunta suka yi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Sun ɗauka sabuwar rawa ce tsoho ya kawo musu. Issaka ya ga abin ya karɓu, ya duro daga dandamali ya rungumo kafaɗar Baba da hannu ɗaya, ya ce a tafa wa "le viye", wai tsoho. Ya kanga masa makirufo a baki ya ce ya ƙara. Abin da ya fito ta lasifika numfashi ne kawai, numfashin tsoho da ya gaji, duk gidan matasa ya ji shi. Aka yi dariya, aka ƙara tafi. Na hango sufurefe yana murmushi yana cewa na kusa da shi wani abu, Boubacar kuma ya miƙe tsaye yana nuna ƙirjinsa, yana sanar da layin gaba cewa surukinsa ne.

Ina kutsawa cikin yaran nan siririn ya danna wani maɓalli. Taken ya yanke a tsakiya, a wurin da ko koyo kake ba za ka yanke ba, gwangwani ya ci gaba da abinsa. Issaka ya saki Baba ya haye sama. Masu rawa suka juya masa baya. Na same shi tsaye shi kaɗai, hannun yana sama har yanzu. Sai da na kama shi da hannu biyu na sauke.

Na tsinto sandar na ba shi, muka fita ta ƙofar gefe. Boubacar ya biyo mu da gudu har bakin titi, fuska duk fara'a, yana cewa Baba ya burge, sufurefe da kansa ya tambayi sunansa, Izi ma ya ce in za su sake zuwa za su so ya fito musu. Na ce masa ya koma kar a zauna masa a kujera. Ya koma kuwa.

Muka bi bakin hanya, motocin siminti suna wuce mu. Yanzu ni ke jan sa, kuma ya yi nauyi. Muka wuce tasha. Sai da muka shiga lungunmu ya tsaya ya kira sunana ya ce, a hankali, "Rabo, bai gane ni ba."

Na ce Baba akwati ne, ba ya gane kowa. Ya ja sandarsa muka ƙarasa gida.

Washegari ya ce ba zai fita tukuba ba, jikinsa ba daɗi. Jibi ma haka. Gara da bai fita ba, don rawar ta riga ta bazu. Yara a tasha suna dunƙule hannu suna tsalle suna rera taken da baki, har sun sa mata suna, wai rawar tsoho. Na kori na kora, na zagi na zaga, amma garin gaba ɗaya ba ya koruwa.

Labari ya kai kunnen mahauta, ransu ya ɓaci. Chindo, wanda ke yi mana kiɗa yanzu in ana biki, ya saɓo kalangunsa wata safiya ya zo ƙofar gidanmu ba wanda ya aike shi. Hannunsa bai kai na manya ba, amma mutum ne mai kunya, ya san abin da ya kamata. Ya tsaya a ƙofar zaure ya fara taken, a natse. Dattawan unguwa suka fito, mahauta suka taru. Da ya kai wurin sassautawa ya sassauta, ya zuba wa ƙofa ido yana jira. Ya sake zagayowa, ya sake sassautawa.

Na shiga da sauri. Baba yana zaune a bakin gado, yana jin komai, hannayensa a buɗe a kan cinya. Na ce Baba ga Chindo a waje, ga mutane sun taru, kai ake jira. Na ce wannan karon mutum ne, yana ganinka, zai amsa maka. Na miƙa masa hannu in tashe shi.

Bai karɓa ba. A waje kalangu ya sake yin shiru, irin shirun da aka bar wa mutum ɗaya.

"Fita ka sallame shi," in ji Baba. "Ka ce mishi mai taken ya rasu."